Shawara ko Ɗora Nauyi? Sharhi a kan Binciken Haɗin Gwiwa da Al'umma a Fannin Lafiya, Bisa Misalin Gwajin Kiyawa

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan hanyar da ake kira binciken haɗin gwiwa da al'umma, inda mutanen da ake bincike a cikinsu suke zama abokan aikin mai binciken, su gano matsalar lafiyarsu da kansu, su kuma nemi mafita. An ɗauki gwajin da aka gudanar a Ƙaramar Hukumar Kiyawa ta Jihar Jigawa daga 2021 zuwa 2022 a matsayin misali, aka auna hanyar da ma'aunin fiƙihu. Maƙalar ta nuna cewa raba yankuna ta hanyar ƙuri'a yana da madogara a Shari'a, amma shigar da jama'a cikin bincike ba ya sauke haƙƙinsu, ƙara shi yake yi ta fuskoki huɗu: izini, sirri, iko da kuma mayar da sakamako. An rufe da bayanin rabon da ya hau kan malamai.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya karrama ɗan Adam, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙasar Hausa, idan kalmar "gwaji" ta haɗu da kalmar "magani" ba ta da daɗin ji, kuma akwai dalili. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne aka sa cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A tsakanin haka, an dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da ta riga ta bari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Tun daga wannan lokaci masu binciken lafiya suka ƙara karkata ga wata hanya da suke ganin ita ce maganin rashin yarda. Suna cewa ba a kanku muka zo bincike ba, tare da ku za mu yi. Magana ce mai daɗi, kuma tana da kama da shawarar da Musulunci ya yi umarni da ita, har wasu ɗalibanmu sukan ɗauka cewa da zarar an tara mutanen gari an saurare su, to, batun ɗa'a ya ƙare. Abin da wannan sharhi yake son tabbatarwa shi ne akasin haka. Wanda ya zo ya ɗebi jininka ya tafi, haƙƙin jikinka ne a kansa. Wanda kuwa ya zauna da kai wata da watanni, ya ji sirrin gidanka, ya sa ka yi aiki, ya tayar maka da tsammani, to, ya ɗauki amana mafi nauyi, kuma takardar sa hannu ba ta isa ta sauke ta ba.

2.0 Asalin Hanyar da Abin da Aka Yi a Kiyawa

Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a a Amurka, shi ya fito da sunan bincike a aikace wajen 1946. Paulo Freire na Burazil da Orlando Fals Borda na Kolombiya suka ƙara masa wata manufa, wato talaka ya daina zama abin nazari, ya koma mai nazarin halin da yake ciki. Da hanyar ta shigo fannin lafiya sai ta zama zagaye mai matakai huɗu. Ƙungiya takan zauna ta lissafa matsalolinta ta fifita wasu, ta tsara dabarun magance su, ta aiwatar, sannan ta sake zama ta auna abin da aka samu.

An gwada wannan da ƙungiyoyin mata a gundumar Makwanpur ta Nefal, rahoton 2004 ya nuna mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. A jihohin Jharkhand da Orissa na Indiya, rahoton 2010 ya nuna raguwar kashi 32 cikin ɗari. A 2013 aka tattara gwaje-gwaje bakwai daga Bangaladesh da Indiya da Malawi da Nefal, a 2014 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da hanyar don lafiyar uwa da jariri, musamman a karkara.

Jigawa tana cikin jihohin da suka fi buƙatar duk wata dabara da za ta ceci yara. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna wajen yaro ɗaya cikin kowane biyar a jihar yana rasuwa kafin ya cika shekara biyar. A kan haka aka zaɓi Kiyawa, wadda take maƙwabtaka da Dutse kuma take cikin masarautarta, don wani gwaji mai suna INSPIRING, wanda ya sa ciwon nimoniya da sauran cututtukan yara masu yaɗuwa a gaba. Ƙungiyar Save the Children ce ta aiwatar da shirin da tallafin kamfanin magunguna na GSK, masana daga Jami'ar Ibadan da kwalejin UCL ta Landan da Cibiyar Karolinska ta Suwidin kuma suka auna shi.

An kasa ƙaramar hukumar gida 32, kowane yanki yana kewaye da wata cibiyar lafiya ta gwamnati. Aka jefa ƙuri'a, yankuna 16 suka sami shirin, 16 suka zauna yadda suke don a kwatanta. Shirin kansa ƙafa uku gare shi: ƙungiyoyin maza da na mata masu bin zagayen da aka ambata, zama tsakanin mutanen gari da ma'aikatan asibiti don auna ingancin aiki, da horar da ma'aikatan tare da ba su kayan aiki. Abin da aka sa a matsayin babban ma'auni shi ne mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da aka buga sakamakon a mujallar The Lancet Global Health a 2024, sai ya nuna ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba tsakanin ɓangarorin biyu a kan mutuwar yaran.

3.0 Abin da Ya Cancanci Yabo

Adalci ya wajabta a fara da abin da aka yi daidai. Na farko, masu binciken sun bayyana sakamakon da bai yi musu daɗi ba. Ɓoye shaida laifi ne da Alƙur'ani ya danganta shi ga zuciya a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma a harkar lafiya ɓoye gwajin da bai ci nasara ba yana sa a ci gaba da kashe dukiya a inda ba a tabbatar da amfani ba. Na biyu, sun kafa ƙungiyoyin maza a gefen na mata. Wannan ya nuna sun fahimci gidan Bahaushe, inda kuɗin magani da izinin fita suke hannun miji. Na uku, ba su tsaya ga wa'azi ga iyaye ba, sun taɓa asibitin ma.

Abin da ya fi tayar da hankalin ɗalibi idan ya ji labarin shi ne ƙuri'a. Yaya za a ba yaran wannan ƙauye a hana na wancan, alhali duk rai ɗaya ne? Amsar tana cikin littattafanmu. Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'a a ƙissar renon Nana Maryamu, aya ta 44 ta Ali Imrana, da ƙissar Annabi Yunusa, aya ta 141 ta Saffati. Ya inganta cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya ware wa mas'alar babi a cikin al-Furuƙ, kuma taƙaitaccen abin da ya tabbatar shi ne: idan maslaha ko haƙƙi ya riga ya tabbata ga ɓangare ɗaya, ƙuri'a ba ta halatta ba, domin tana iya tozarta shi, idan kuwa haƙƙoƙi suka yi daidai, to, nan ne muhallinta, don a kawar da ƙullaci a zukata.

Wannan shi ne ainihin sharaɗin da masu ɗa'ar bincike suke gindayawa, cewa ba a raba mutane da ƙuri'a sai idan masana ba su san wane ɓangare zai fi amfana ba. Da maganin nimoniya da aka riga aka tabbatar da amfaninsa ne aka ce a ba wasu a hana wasu, da haramun ne babu ja. Amma ko ƙungiyoyin tattaunawa suna rage mutuwar yaran da suka wuce jarirantaka, wannan ba a san shi ba, sakamakon ma ya nuna shakkar ta gaskiya ce. Bugu da ƙari, a inda kuɗi ba zai isa kowa ba, ƙuri'a ta fi zaɓin ɗan siyasa kusa da adalci.

4.0 Wuraren da Ake da Ja

4.1 Izinin Wa Ake Nema?

Mai bincike ba ya shiga ƙauye a masarautar Dutse sai ta ƙofar hakimi, daga nan dagaci, daga nan mai unguwa, sannan maigida. Wannan ladabi ne, kuma Suratun Nuri ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Matsalar tana inda ake rikita izinin shiga da yardar shiga bincike. Idan dagaci ya ce na karɓe su, mai unguwa ya yi shela, maigida ya ce ku ba su haɗin kai, amaryar da take ɗakin ƙarshe ta ina za ta ce a'a? Za ta dangwala, amma dangwalen da aka yi don kunya ko don tsoron a ce ta raina na gaba ba yarda ba ne. Malamanmu sun daɗe suna tattauna hukuncin abin da aka karɓa daga mutum saboda jin kunya, da yawansu kuma sun riskar da shi da abin da aka ƙwata.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a ƙudurinta mai lamba 67 na zaman Jidda a 1992, ta shar'anta yardar mutum mai cikakken hankali, wadda babu tilas a cikinta kuma babu kwaɗaitarwa da abin duniya, ta buga misali da fursuna da miskini. Misali na biyu shi ya fi shafar mu. Kuɗin mota da sabulu da lemo ba komai ba ne a idon wanda ya zo daga birni, amma a watan da rumbu ya ƙare suna iya rinjayar zuciya. Wannan ƙuduri ya kuma hana bincike a jikin wanda ba shi da cikakken hankali ko da waliyyinsa ya yarda. Gwajin Kiyawa bai faɗa cikin wannan hani ba, domin ba sabon magani aka gwada a jikin yaro ba. Amma manufar hanin tana nan, wato walicci kariya ce ga rarrauna, ba mallaka ba ce. Sanarwar Ottawa ta 2012 a kan gwaje-gwajen da ake raba yankuna ta zo da irin wannan, inda ta ce shugaban al'umma yana iya ba da izinin shiga yankinsa, amma ba ya yarda a madadin ɗaiɗaikun mutane.

A nan Alƙur'ani ya ba mu ma'auni mafi kusa da batun. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta rataya yaye yaro kafin shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Hukunci ne da ya shafi lafiyar yaro, kuma ba a bar shi a hannun uba shi kaɗai ba. Saboda haka izinin miji ba ya tsayawa a madadin yardar mata, kamar yadda neman yardarta a ɓoye, a bayan idonsa, yake iya jefa ta cikin fitinar da mai binciken ba zai tsaya ya kashe ba. Abin da ya dace shi ne a nemi duka biyun, a tambaye ta ita kaɗai ta bakin mace 'yar'uwarta, kuma a tsara yadda ƙin yardarta ba zai kai kunnen kowa ba.

4.2 Majalisa Amana Ce

A binciken da aka saba, mutum ɗaya ne yake jin sirri, ya rubuta, ya kulle. A binciken haɗin gwiwa, sirrin a gaban mutum ashirin ake faɗinsa, kuma a cikinsu akwai kishiya da suruka da facala da maƙwabciya. Mai bincike yana iya rantsuwa a kan kwamfutarsa, amma ba zai iya rantsuwa a kan bakin mutanen gari ba. Idan mace ta ce ɗanta ya kwana uku yana numfashi sama-sama ba a kai shi asibiti ba saboda maigidan ya hana kuɗi, ta faɗi abin da binciken yake nema, amma ta kuma tona asirin mijinta, kafin magariba labarin yana iya riga ta isa gida.

Hadisi ya zo a Sunan na Abu Dawuda da ma'anar cewa zaman majalisa da amana ake yin sa. Majalisar Fiƙihu ma ta keɓe wa sirrin aikin likita ƙuduri mai lamba 79 a zaman Burunai na 1993. Sai dai duk waɗannan ba su aiki da kansu. Wajibi ne mai jagorantar zaman ya gaya wa mahalarta a fili cewa ba shi da ikon tsare abin da aka faɗa a taro, ya kuma hana ambaton suna, ya koya musu yin magana da misali. Faɗin abin da Hindu 'yar Utba ta faɗa a kan rowar Abu Sufyana ya halatta domin ta kai shi ga wanda zai yi hukunci. Faɗinsa a gaban waɗanda ba su da abin yi sai yaɗawa wani abu ne daban.

Akwai kuma tambayar da ake yi wa uwar da ɗanta ya rasu: yaushe kika lura, me ya sa aka jinkirta. Ilimi yana buƙatar amsar, amma uwa tana iya jin ta a matsayin tuhuma, ko a matsayin ja da ƙaddara. Mun san riƙo da sababi ba ya cin karo da imani da ƙaddara. Amma wanda za a tura ya yi wannan tambaya yana buƙatar tarbiyyar mai ta'aziyya kafin ta mai cike takarda.

4.3 Shawarar da Ba Ta da Iko

Wannan ita ce babbar mas'ala. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya isa Sarga a kan hanyar Sham, aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya kira Muhajirai ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishu, suka ce a koma. Ya juya da jama'a, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya ƙarfafa haka. Abin lura shi ne shawarar ta sauya tafiyar Halifa. Wanda yake da iko shi ne ya tambaya, kuma amsar ta hau kansa.

To, a binciken haɗin gwiwa wa yake tambaya, kuma kan wa amsar take hawa? Yawanci an riga an zaɓi cutar da za a yaƙa, an ƙayyade kuɗi da wa'adi da ma'aunin nasara tun kafin zaman farko a ƙofar dagaci. Abin da ya rage wa ƙungiya shi ne ta zaɓi abin da za ta iya yi da hannunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne. Amma sanin wurin yoyon ba ya ba shi kwanon rufi.

A ganin mai wannan sharhi, nan ne ya kamata a nemi fassarar sakamakon Kiyawa. Nasarorin Nefal da Indiya a kan jarirai sabbin haihuwa ne, kuma da yawa daga abin da yake ceton jariri a hannun gida yake: tsabtar yanke cibiya, ɗumama jiki, ba da nono da wuri. Yaro ɗan shekara biyu da nimoniya ta kama ko zazzaɓin cizon sauro ya tsananta masa, abin da yake buƙata shi ne ma'aikaci a bakin aiki da daddare, da magani a kanta, da iskar taimakon numfashi, da mota zuwa babban asibiti a Dutse ko Jahun ko Birnin Kudu. Shirin ya horar da ma'aikata ya ba da kaya, amma ɗaukar ma'aikata da biyansu da gyaran hanya aikin hukuma ne. A haɗa da cewa an yi aikin ne cikin annobar korona da tsadar rayuwa da ambaliyar 2022 da ta addabi Jigawa. Rashin ganin bambanci a ƙididdiga ba hujja ba ne cewa zaman bai amfani kowa ba, amma ya nuna iyakar abin da zama yake iya yi.

Haɗarin ɗa'a a nan shi ne a juya farillar shugaba ta koma sadakar talaka. Ƙa'idar fiƙihu ta rataya tasarrufin shugaba a kan talakawansa ga maslaharsu, kuma kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Imam al-Shaɗibi ya yi bayaninsu a al-Muwafaƙat. Idan matan ƙauye suka kafa asusun gaggawa daga kuɗin ƙuli-ƙuli da ƙwan zabi, sun yi taimakekeniyar da za a ba su lada. Amma idan aka rubuta wannan a rahoto a matsayin mafita, aka yi shiru a kan wanda ya wajaba ya kawo motar asibiti, an ɗora wa rai abin da ba nasa ba. Haka batun 'yan sa-kai, waɗanda irin waɗannan shirye-shirye suka dogara a kansu. Aikin da yake da lokaci da rahoto da mai duba shi, a fiƙihu ya fi kama da ijara, ijara kuwa sharaɗinta lada sananne. Kada a kira shi sadaka don kawai mai yin sa ba shi da bakin neman haƙƙinsa.

4.4 Bayan An Naɗe Tabarma

Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya sanya wanda aka shawarta a matsayin amintacce. Mai neman shawarar shi ma yana da nasa nauyin, mafi ƙaranci shi ne ya dawo ya faɗi abin da aka samu. An buga sakamakon Kiyawa da Ingilishi a mujallar da take fitowa daga Landan. Wannan ya sauke haƙƙin masana, amma haƙƙin matar da ta amsa tambayoyi a kan ɗanta da ya rasu ba ya sauka sai da Hausa ko Fulatanci, a garinsu, a kan tabarmar da aka fara zama. Kuma a faɗa mata gaskiya ko da ba ta da daɗi. Haka yankunan da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba: sun ba da lokacinsu da labarinsu, ƙuri'ar kuwa ta halatta ne don a gano gaskiya, don haka duk abin da ya tabbata yana da amfani suna da rabo a cikinsa.

Ƙudurin Majalisar Fiƙihu mai lamba 161, na zaman Amman a 2006, ya gina ɗa'ar bincike a kan girmama mutum da samar da maslaha da adalci da kyautatawa. Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta Nijeriya ta 2007 ita ma ta tanadi kwamitocin da suke tantance bincike kafin a fara. Rauninsu shi ne sun fi ƙarfi a ƙofar shiga, binciken haɗin gwiwa kuwa yana sauya kama daga zama zuwa zama, matsalolinsa a tsakiya da ƙarshe suke ɓullowa.

Tarihinmu yana da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jaji take jagorantar matan ƙauyenta su zo su koya, su koma su koyar. Tsarin ya rayu shekaru masu yawa bayan rasuwarta, domin bai rataya ga wa'adin wani mai tallafi ba, kuma matan suna ganin abin nasu ne. Duk ƙungiyar da ta watse ranar da motar shiri ta daina zuwa, dama ta shirin ce.

5.0 Rabon Malamai

Bai kamata mu tsaya ga sukar baƙo ba alhali akwai abin da ya rage a wuyanmu. Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya wajabta wa miji ladan ungozoma, amma bai wajabta masa kuɗin maganin matarsa ba, ko da yake an ruwaito saɓanin haka daga Ibn Abdil Hakam. Wannan hukunci ya ginu ne a kan zamanin da magani bai kai matsayin larura ba. A yau da jinkirin awa kaɗan yake iya zama sanadin rai, ya kamata malaman Malikiyya na ƙasar nan su sake duba shi, su kuma bayyana wa jama'a cewa fitar mace da yaro marar lafiya zuwa asibiti larura ce, kuma miji yana iya ba da izini na dindindin tun kafin buƙata ta taso. Ƙungiyar maza da ta ji haka daga limaminta ta sami abin da baƙo ba zai iya ba ta ba.

Na biyu, idan aka gayyaci malami cikin kwamitin tantance bincike, kada ya yarda aikinsa ya tsaya ga buɗe taro da addu'a da lallashin jama'a. Ya karanta takardar yarda da Hausa, ya tambayi wa zai iya cewa a'a, nawa za a biya ɗan sa-kai, wane jami'in gwamnati ne ya ɗauki alkawarin amsa koken ƙungiyoyi, kuma wace rana za a dawo da sakamako. Na uku, cibiyoyi irin su kwamitin zakka da waƙafi na masarautar Dutse suna iya riƙe asusun gaggawa na marasa lafiya, wanda zai wanzu bayan kowane shiri ya tafi.

6.0 Kammalawa

Gwajin Kiyawa aiki ne na gaskiya, ya yi tambayar da ta dace, ya kuma faɗi amsar da ya samu. Darasin da yake cikinsa ga ɗalibin Shari'a shi ne kada kamannin suna ya ruɗe shi. Tara mutane a saurare su bai zama shawara ta Musulunci ba sai an cika sharuɗɗa huɗu: kowa yana da ikon ƙin shiga ba tare da ya ji kunya ko tsoro ba, an tsare abin da ya faɗa, maganarsa tana iya sauya hukuncin wanda yake da iko da dukiya, kuma an dawo masa da sakamako cikin harshensa. Inda waɗannan suka cika, hanyar tana daga cikin mafi kusa da ruhin addininmu. Inda suka gaza, an ƙara wa talaka aiki ne a kan ciwonsa. Allah ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai datarwa zuwa ga daidai.